Kujerar Sanatan Yobe ta Arewa: Yadda Takarar Machina da Ahmad Lawan Ta Ƙare Tun Kafin Ranar Zaɓe

A ranar Asabar 25 ga Fabrairun 2023 jama'ar ƙananan hukumomi shida da suka haɗu suka zama mazaɓar Yobe ta Arewa, wato Bade da Jakusko da Karasuwa da Machina da Nguru da Yusufari, suka fita rumfunan zaɓe, kuma da aka kammala ƙidaya sai hukumar zaɓe ta INEC ta bayyana Sanata Ahmad Ibrahim Lawan na jam'iyyar APC a matsayin wanda ya yi nasara da ƙuri'u sama da dubu 90, alhali ɗan takarar PDP da ke bi masa bai kai dubu 25 ba. Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma kaɗai zai ɗauka ba a yi wata takarar a zo a gani a yankin ba. An yi ta kuwa, kuma tana cikin mafiya zafi a wancan zagaye, sai dai tsakanin 'yan jam'iyya ɗaya, Lawan da Bashir Sheriff Machina, aka gwabza ta, kuma an rufe ta kwana 19 kafin a kai akwatuna rumfuna, a zauren Kotun Ƙoli da ke Abuja, inda alƙalai uku suka rinjayi biyu.

Kafin a shiga labarin, ya kamata a san yadda ake samun wannan kujera. Tsarin mulkin 1999 ya ba kowace jiha sanatoci uku, ya ba Babban Birnin Tarayya ɗaya, jimilla 109. Ba jama'ar jiha baki ɗaya ke zaɓen sanata ba, kowace jiha an raba ta shiyya uku, kuma wanda ya fi yawan ƙuri'u a shiyyarsa shi ne ya ci, ba a neman ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a wurare daban-daban kamar yadda ake nema ga gwamna ko shugaban ƙasa. Babu kuma iyakar wa'adi, mutum na iya komawa sau nawa aka zaɓe shi. Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi a wannan magana yana sashe na 65, wanda ya ce dole mai neman kujerar ya zama ɗan wata jam'iyya kuma ita ce za ta tsayar da shi. Tun da babu ɗan takara mai zaman kansa a Najeriya, wanda jam'iyya ba ta miƙa sunansa ba ba shi da ƙofar shiga, komai yawan masoyansa.

A jihar da jam'iyyu biyu ke kan-kan-kan, tikitin jam'iyya rabin hanya ne. A Yobe kusan shi ne hanyar gaba ɗaya. Tun komawa mulkin farar hula a 1999 gida ɗaya ke riƙe da gwamnatin jihar, daga APP zuwa ANPP zuwa APC, daga Bukar Abba Ibrahim zuwa Mamman Ali zuwa Ibrahim Gaidam zuwa Mai Mala Buni, kuma PDP ba ta taɓa shiga fadar gwamnati a Damaturu ba, har a shekaru 16 da ta yi tana mulkin ƙasa. Rigimar tikiti ma ba baƙuwa ba ce a wannan shiyya. Marigayi Usman Albishir, wanda ya riƙe kujerar sanatan Yobe ta Arewa daga 1999 zuwa 2007, ya ci zaɓen fidda gwani na gwamna a ANPP, amma jam'iyya ta maye gurbinsa da Mamman Ali, ya yi ta zarya a kotu bai samu komai ba. Kujerar da Albishir ya bari don neman gwamna ita ce Ahmad Lawan ya hau a 2007.

Lawan ɗan Gashuwa ne, malamin jami'a ne a fannin ilimin ƙasa kafin ya shiga siyasa, kuma yana Majalisar Tarayya tun 1999: wa'adi biyu a Majalisar Wakilai yana wakiltar Bade da Jakusko, sannan Majalisar Dattawa. A 2015 shi APC ta so ya zama shugaban majalisar, Bukola Saraki ya yi masa shigar sauri a ranar da yawancin sanatocin jam'iyyar suka tafi wani taro a wajen majalisa. A watan Yunin 2019 ya samu abin da ya kuɓuce masa, ya doke Ali Ndume da ƙuri'u 79 da 28, ya zama mutum na uku a jerin masu mulkin ƙasa. Ga shiyyar da har zuwa lokacin ba ta taɓa fitar da zaɓaɓɓen gwamna ba, wannan muƙami shi ne mafi girman abin da ta taɓa riƙewa, kuma duk wanda bai sa wannan a lissafi ba ba zai fahimci dalilin da ya sa manyan jam'iyya a Damaturu da Abuja suka ƙi yarda kujerar ta fita daga hannunsa ba.

Abin ban mamaki a wannan shari'a shi ne, majalisar da Lawan ke jagoranta ita ce ta rubuta dokar da ta so ta tare masa hanya. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a ranar 25 ga Fabrairun shekarar bayan ya mayar da ita sau ɗaya saboda batun tilasta zaɓen 'yar tinƙe, an tsara ta ne don a rage ɗauki-ɗora. Sashe na 82 ya wajabta wa jam'iyya ta sanar da INEC aƙalla kwana 21 kafin duk wani taron tsayar da ɗan takara, ya kuma ce rashin sanarwar yana ɓata taron. Sashe na 84 ya ce hukumar za ta sa ido a kan zaɓen fidda gwani, kuma wanda ya fi yawan ƙuri'u sunansa za a miƙa. Sashe na 33 ya taƙaita sauya ɗan takara ga dalilai biyu kacal, mutuwa ko janyewa da kansa, kuma ko da hakan ta faru sai an sake zaɓen fidda gwani cikin kwana 14. A tsohuwar dokar 2010 akwai jimlar da ta hana INEC ƙin karɓar duk sunan da jam'iyya ta kawo bisa kowane irin dalili. Sabuwar dokar ta cire wannan jimla. Ma'anar duk wannan ita ce, uwar jam'iyya ta daina zama mai magana ta ƙarshe a kan wanda ya ci zaɓen cikin gida, aƙalla a rubuce.

A ranar 28 ga Mayun 2022 aka gudanar da zaɓen fidda gwani na sanatan Yobe ta Arewa a Gashuwa, a gaban jami'an INEC. Bashir Sheriff Machina ne kaɗai ya tsaya, ya samu ƙuri'u 289 daga cikin daliget 300. Lawan ba ya cikin masu nema a wannan rana, domin ya sayi fam ɗin takarar shugaban ƙasa, wanda APC ta sa wa farashin naira miliyan 100, kuma hankalinsa na kan babban taron jam'iyya da za a yi a dandalin Eagle da ke Abuja. A jajibirin taron shugaban jam'iyyar na ƙasa, Sanata Abdullahi Adamu, ya shaida wa kwamitin gudanarwa cewa Lawan ne ɗan takarar maslaha, maganar da sauran 'yan kwamitin da gwamnonin APC na Arewa suka yi fatali da ita nan take, suka tsaya a kan cewa mulki ya koma Kudu. Da aka ƙidaya ƙuri'u a ranar 8 ga Yuni, Bola Tinubu ya samu 1,271, Rotimi Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235, Lawan kuma ya zo na huɗu da 152.

Akwai wata al'ada da 'yan siyasar Najeriya suka saba da ita, wadda babu ita a kowace doka amma kowa ya san ta: babban mutum idan zai nemi kujerar da ta fi tasa, sai ya sa wani na hannun damansa ya riƙe masa tikitin tsohuwar kujerar, in ya faɗi a can sai mai riƙon ƙwarya ya janye, ya dawo ya karɓi abinsa. Gwamnan Ebonyi na lokacin, David Umahi, haka ya yi a Ebonyi ta Kudu, inda ƙaninsa ya ci zaɓen fidda gwani sannan ya janye. Mutane da yawa sun ɗauka haka za a yi a Yobe. Machina ya ce shi ba riƙo aka ba shi ba, takara ya shiga da kansa, ya rubuta wa jam'iyya cewa bai janye ba kuma ba zai janye ba, daga baya ma da wata takardar janyewa ta riƙa yawo da sunansa ya fito ya ce ta jabu ce. Ko da a ce an yi wata yarjejeniya a ɓoye tun farko, doka ba ta san da ita ba, abin da ta sani shi ne takardar janyewa mai sa hannun ɗan takara, kuma ita ce jam'iyya ta rasa.

Da wannan ƙofa ta rufe sai APC ta bi ta wata. Ta ce zaɓen 28 ga Mayu ba halastacce ba ne, saboda kwamitin da ya gudanar da shi ba kwamitin gudanarwa na ƙasa ne ya naɗa shi ba, kuma an yi wani zaɓen a ranar 9 ga Yuni, ranar ƙarshe da INEC ta ba jam'iyyu su kammala fidda gwani, wanda Lawan ya ci. Sunansa ta miƙa wa hukumar. INEC ta tsaya a kan cewa zaɓen da jami'anta suka halarta shi ne na Gashuwa, amma ba ta ɗauki sunan Machina ta sa da kanta ba, tun da doka ba ta ba ta ikon tsayar wa jam'iyya ɗan takara ba. Sai ta bar gurbin APC a Yobe ta Arewa babu kowa a jerin sunayen da ta wallafa, kamar yadda ta yi a Akwa Ibom ta Arewa maso Yamma, inda Godswill Akpabio, wanda shi ma ya nemi shugaban ƙasa kafin ya janye wa Tinubu, ya faɗa irin wannan rikici da tsohon mataimakin sufeto janar na 'yan sanda Udom Ekpoudom.

Adalci ne a faɗi cewa hujjar APC ba ta banza ba ce a idon shari'a. Kotun Ƙoli ta daɗe da kafa ƙa'idar cewa zaɓen fidda gwani na kujerun tarayya da na gwamna hurumin shugabancin jam'iyya na ƙasa ne, reshen jiha ba shi da ikon shirya nasa, kuma halartar jami'an INEC kaɗai ba ta halasta zaɓen da wanda ba shi da iko ya shirya. Da jam'iyyar ta tabbatar da cewa kwamitin Gashuwa na bogi ne, da nasarar Machina ta rushe. To amma rushewar nasarar Machina ba ta gina ta Lawan, kuma a nan ne lissafin kwanaki ya zama matsala. Idan za a yi zaɓe a ranar 9 ga Yuni, sanarwar kwana 21 tana nufin a rubuta wa INEC tun ranar 19 ga Mayu, wato kwana tara kafin a yi zaɓen farko da ake cewa an soke, kuma a lokacin da Lawan ke zagayen jihohi yana neman ƙuri'un daliget na shugaban ƙasa. Kwana ɗaya tak ke tsakanin faɗuwarsa a Abuja da zaɓen da aka ce ya ci a Yobe.

Akwai wata hujja da ta fi yawo a bakin jama'a a lokacin, cewa doka ta haramta wa mutum neman kujera biyu a zaɓe guda, don haka shigar Lawan takarar shugaban ƙasa ta isa ta kore shi daga ta sanata. A ganina wannan ba ta kai ƙarfin da ake ba ta ba. Sashe na 35 na Dokar Zaɓe ta 2022 yana magana ne a kan wanda aka tsayar a mazaɓu biyu ko a jam'iyyu biyu, sashe na 115 kuma a kan wanda ya sa hannu a takardar tsayawa a matsayin ɗan takara a wuri fiye da ɗaya, kuma lauya na iya cewa wanda ya faɗi zaɓen fidda gwani ba a tsayar da shi a ko'ina ba. Tambayar da ta fi wuyar kaucewa ita ce mai sauƙin: wane zaɓe ne Lawan ya shiga, yaushe aka sanar da INEC, kuma wa ya soke na farko kafin a yi na biyu?

Machina ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya da ke Damaturu, kuma a ranar 28 ga Satumban 2022 Mai Shari'a Fadima Murtala Aminu ta yanke cewa shi ne halastaccen ɗan takara, ta umarci jam'iyya da INEC su amince da shi. Lawan ya fitar da sanarwa cewa ya karɓi hukuncin kuma ba zai ɗaukaka ƙara ba, abin da ya jawo masa yabo har daga masu sukarsa. Sai dai jam'iyya ba ta bi sahunsa ba, ita ta ɗaukaka ƙarar da sunanta. A ranar 28 ga Nuwamba alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara, ƙarƙashin shugabar kotun Mai Shari'a Monica Dongban-Mensem, suka tabbatar da hukuncin Damaturu. APC ta wuce Kotun Ƙoli. Wato mutumin da ake rigimar dominsa ya ce ya haƙura, amma shari'ar ta ci gaba da tafiya, kuma ba a ji ya hana ta tafiya ba.

Hukuncin ranar 6 ga Fabrairun 2023 ba za a gane shi ba sai an san cewa akwai hanyoyi biyu na buɗe ƙara a babbar kotu. Hanya ta farko ita ce ta gama-gari, inda kowane ɓangare ke kawo shaidu su tsaya a gaban alƙali, lauyan abokin hamayya ya yi musu tambayoyin ƙure. Ita ake bi idan ana jayayya a kan abin da ya faru. Hanya ta biyu gajeriya ce, ana amfani da takardun rantsuwa da sauran takardu ne kawai ba tare da kiran shaidu ba, kuma an tanade ta ne don inda ba a musun abin da ya faru, fassarar doka ko ta wata takarda kaɗai ake nema. Ta biyun Machina ya bi, kamar yadda yawancin masu ƙarar fidda gwani ke yi saboda ƙurewar lokaci. Mai Shari'a Centus Nweze, wanda ya karanta hukuncin masu rinjaye, ya ce a cikin takardar rantsuwar Machina akwai zargin zamba da ya yi wa jam'iyya, kuma zargin zamba ba a warware shi da takarda, sai an kira shaidu, saboda haka tun daga tushe ƙarar ta shigo ta ƙofar da ba tata ba. A kan wannan aka rushe hukuncin kotunan biyu na ƙasa, sunan da jam'iyya ta miƙa ya tsaya.

Mai Shari'a Adamu Jauro da Mai Shari'a Emmanuel Agim ba su yarda ba. A wurinsu ginshiƙin ƙarar ba zamba ba ne, tambaya ce ta doka wadda takardun da ke gaban kotu suka isa su amsa: an yi zaɓe a ranar 28 ga Mayu, Lawan bai shiga ba domin ya tafi neman shugaban ƙasa da ƙafarsa, ba a soke wannan zaɓe ba, kuma na 9 ga Yuni ya saɓa wa Dokar Zaɓe. Masu sukar hukuncin rinjaye sun ƙara da wata magana mai nauyi, cewa ƙa'idojin da Babbar Kotun Tarayya ta fitar a 2022 don shari'o'in gabanin zaɓe su da kansu sun ce a buɗe irin waɗannan ƙararraki ta gajeriyar hanya. Idan aka haɗa alƙalan da suka saurari maganar a matakai uku, su tara ne, shida sun ga Machina ne da gaskiya, uku suka ga akasin haka, amma ukun su ne rinjaye a kotun da babu wata a samanta.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, Kotun Ƙoli ba ta ce Lawan ya ci zaɓen fidda gwani ba, ba ta kuma ce zaɓen 9 ga Yuni ya cika sharuɗɗa ba. Cewa ta yi ba a shigar da ƙarar yadda ya dace ba. A shari'ar fili ko ta bashi, wanda aka kori ƙararsa saboda irin wannan kuskure yakan koma ya gyara ya sake shigarwa. A shari'ar gabanin zaɓe babu wannan dama, domin sashe na 285 na tsarin mulki ya ba mai ƙorafi kwana 14 ne kawai daga ranar da abin ya faru ya shigar da ƙara, ya ba kotun farko kwana 180 ta yanke hukunci, kowace kotun ɗaukaka ƙara kuma kwana 60. A watan Fabrairu duk waɗannan wa'adodi na matakin farko sun shuɗe tuntuni. An kafa su ne da kyakkyawar niyya, don kada a sake ganin shari'ar tikiti tana jan ƙafa har wa'adin kujerar ya kusa ƙarewa, amma a nan sun mayar da kuskuren cike takarda ya zama hukuncin da ba ya gyaruwa. Ni dai ina ganin ra'ayin alƙalan biyu ya fi kusa da manufar dokar, domin kotun da ta sha nanata cewa zamanin kayar da gaskiya da ƙa'idar tsari ya wuce, ita ce ta bar tambayar da duk ƙasa ke jiran amsarta ba ta taɓa ta ba. Sukar da ta biyo baya ta yi yawa har sai da kakakin kotun ya fitar da sanarwa yana mayar da martani, abin da ba a saba gani ba. Wani abin lura kuma, Mai Shari'a Nweze, wanda ya rasu a watan Yulin shekarar, shi ne alƙali ɗaya tilo da ya saɓa wa 'yan uwansa a 2020 lokacin da aka nemi kotun ta sake duba hukuncinta na gwamnan Imo, kuma a wancan karo jama'a yabonsa suka yi.

Wanda ya bi tarihin irin waɗannan shari'o'i zai ga kotun ba ta tsaya a wuri guda ba. A Jamhuriya ta Biyu, a shari'ar Onuoha da Okafor ta 1983, wadda ita ma a kan tikitin sanata ce, ta ce tsayar da ɗan takara harkar cikin gida ce ta jam'iyya, kotu ba ta da hurumi. A watan Oktoban 2007 ta juya, ta cire Celestine Omehia daga kujerar gwamnan Ribas ta ɗora Rotimi Amaechi, wanda ya ci zaɓen fidda gwani na PDP aka sauya shi, duk da cewa bai tsaya a babban zaɓe ba, bisa hujjar cewa jam'iyya aka zaɓa. A watan Mayun 2019 ta yi abin da ya fi wannan tsauri a Zamfara, ta ce APC ba ta yi halastaccen zaɓen fidda gwani ba, duk ƙuri'unta sun tafi a banza, Bello Matawalle ya zama gwamna, kujerun sanata uku da sauran kujerun majalisu suka koma hannun waɗanda suka zo na biyu. Bayan Zamfara an zaci jam'iyyu sun ji a jikinsu. Hukuncin Akpabio na ranar 20 ga Janairun 2023 da na Lawan da ya biyo bayansa da makonni biyu da 'yan kwanaki sun nuna musu cewa har yanzu jerin sunayen da hedikwatar jam'iyya ta tura yana da ƙarfin da zai iya tsallake rahoton jami'an INEC.

Akwai kuma wani karkataccen tsari a hanyar ɗaukaka ƙara da ya kamata a sani. Rigimar tikitin sanata tana tashi daga Babbar Kotun Tarayya ta kai har Kotun Ƙoli, amma rigimar sakamakon zaɓen sanata, wadda ta shafi ƙuri'un dubban jama'a, tana farawa daga kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta ƙare a Kotun Ɗaukaka Ƙara. Jihar Filato ta ɗanɗana ɗacin wannan a ƙarshen 2023, lokacin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tsige sanatoci biyu na PDP da 'yan majalisa da dama saboda rikicin shugabancin jam'iyyarsu, sannan a watan Janairun 2024 Kotun Ƙoli, a shari'ar Gwamna Caleb Mutfwang, ta ce wannan hujja ba ta da tushe. Gwamnan ya tsira saboda tasa shari'ar tana da hanyar zuwa sama, sanatocin kuwa tasu ta riga ta ƙare.

Saura masu jefa ƙuri'a, waɗanda ake yin duk wannan da sunansu. Takardar ƙuri'a a Najeriya ba ta ɗauke da sunan ɗan takara ko hotonsa, tambarin jam'iyya ne kawai, shi ya sa aka iya sauya mutum saura kwana 19 ba tare da an sake buga ko takarda ɗaya ba. Machina ya shafe watanni yana yawon neman ƙuri'a a ƙarƙashin tsintsiya, ranar zaɓe kuma duk yatsan da aka dangwala wa tsintsiya a takardar sanata Lawan ya amfana da shi. Amma kuskure ne a ce jama'ar yankin ba su san wanda suke zaɓa ba, ko kuma an yi musu dole. A wannan rana guda Atiku Abubakar na PDP ne ya lashe jihar Yobe a zaɓen shugaban ƙasa, ya doke Tinubu a jihar da APC ke mulki, abin da ke nuna cewa mutanen sun iya raba ƙuri'a idan sun ga dama. Sun ga dama a takardar shugaban ƙasa, ba su ga dama a ta sanata ba. Magoya bayan Lawan suna kafa hujja da wannan, suna cewa akwati ya wanke abin da ake zargi. Sai dai akwatin ya amsa tambayar Lawan ko ɗan PDP ne, ba a taɓa gabatar masa da tambayar Lawan ko Machina ba, kuma ko daliget 300 na jam'iyyar ba a taɓa tara su aka ajiye musu sunayen biyu a rana ɗaya ba.

Komawar Lawan majalisa ba ta mayar masa da kujerar shugabanci ba, kuma an san haka tun kafin hukuncin, domin tun da Tinubu ya ɗauki Kashim Shettima daga Arewa maso Gabas a matsayin mataimaki, babu yadda za a bar wa shiyyar muƙami na biyu da na uku a tare. Jam'iyya ta kai kujerar Kudu maso Kudu. A ranar 13 ga Yunin 2023 sabuwar majalisa ta zaɓi Godswill Akpabio da ƙuri'u 63, Abdul'aziz Yari na Zamfara ya samu 46, wato wanda ya gaji Lawan shi ne ɗayan mutumin da INEC ta bar gurbinsa babu suna a shekarar da ta gabata. Lawan ya fara wa'adinsa na bakwai a Majalisar Tarayya a matsayin sanatan Yobe ta Arewa, aka ba shi shugabancin kwamitin tsaro.